Shugaban da Ya Ɗaura Tawul

'Yan'uwa fastoci, dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina roƙonku ku buɗe Bisharar Yohanna sura 13, domin a nan za mu daɗe a yau.

Daren nan shi ne na ƙarshe kafin gicciye, Yesu da almajiransa suna cin jibi a Urushalima. A ƙasar Yahudiya mutum yakan wuni yana taka ƙura da buɗaɗɗen takalmi, saboda haka wankin ƙafar baƙo aiki ne da ake bar wa bawa. Luka ya gaya mana a sura 22 cewa a wajen cin abincin nan ne almajiran suka shiga gardama a kan wane ne babba a cikinsu. Ga ruwa, ga daro, ga tawul, amma kowa ya gyara zama yana jiran ɗan'uwansa ya tashi.

Ku dubi aya ta 3 da kyau, gama a cikinta ne dukan zancen yake. Yohanna ya ce Yesu ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma zai koma, sa'an nan ne ya tashi ya tuɓe mayafinsa, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya zuba ruwa a daro. Ashe ba mantuwa ya yi da matsayinsa ba. Sanin matsayinsa ne ya sa durƙusawar ba ta tsorata shi ba. Shugaban da yake fushi idan ba a kira shi da cikakkiyar sarautarsa ba, ko idan ba a ajiye masa kujerar gaba ba, a ganina bai natsu da abin da Allah ya ba shi ba, shi ya sa yake nema a bakin mutane. Hausawa sun riga sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Akwai wani abu da ba mu cika faɗa a kan bagade ba. Yahuza Iskariyoti yana zaune a wurin, bai fita ba sai a aya ta 30, wato ƙafafun da za su kai shi wurin manyan firistoci su ma sun shiga daron nan. Bitrus kuwa da farko ƙi ya yi, har sai da Ubangiji ya ce masa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Ƙin karɓar taimako ma girman kai ne, kuma mu fastoci mun fi kowa fama da shi.

'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aikinsu ya soma a Garkida a 1923, har yau suna riƙe da wankin ƙafa a cikin sujadarsu. A watan Afrilu na 2019 kuma duniya ta ga Fafaroma Francis, yana da shekara 82, ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun shugaban ƙasar Sudan ta Kudu Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar, yana roƙonsu su riƙe sulhu. Ina girmama waɗannan alamu ƙwarai, sai dai alamar tana ƙarewa cikin 'yan mintoci, aikin da take nunawa kuwa yana nan kullum. Sa'ad da Yaƙub da Yohanna suka roƙi zama dama da hagunsa a Markus sura 10, Yesu ya tuna musu yadda sarakunan al'ummai suke nuna wa jama'arsu iko, ya ce ba haka zai zama a tsakaninsu ba.

Ina yaro akwai wani tsohon mai bishara a ƙauyenmu wanda duk ranar Asabar da yamma yakan riga matan zumunta zuwa majami'a, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya yayyafa ruwa a daɓe domin ƙura ta kwanta, ya jera bencina shi kaɗai. Wata rana wani baƙo ya same shi da tsintsiya a hannu, ya tambaye shi ina mai bishara yake. Tsohon ya ce masa, "Ranka ya daɗe, zauna ka huta, bari in ƙarasa sharar nan." Ya kawo masa ruwan sha a kwano, ya gama aikinsa, ya wanke hannu, sa'an nan ya zauna kusa da shi ya tambaye shi abin da ke tafe da shi.