Darasi: yanke hoto, juya shi da sauya masa nau'i da ImageMagick

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau daga shago nake kawo muku darasin, nan Samaru, don haka in kun ji ƙarar janareta ko hon ɗin 'yan acaɓa a bakin titi, ku yi haƙuri da ni.

Duk mai shagon kwamfuta a Zariya ya san yadda lokacin rajista yake. Ɗalibai sun cika benci, wani daga Kongo, wani daga Gyallesu, wani ya taso tun daga Tudun Wada, kowa da hotonsa a waya. Shafin rajista kuma ya kafe, ya ce hoton sai JPG, sai mai kusurwa huɗu daidai, kuma kada nauyinsa ya wuce kaza. Ka buɗe manhajar gyaran hoto, ka jira ta tashi, ka ja linzami ka yanke, ka adana, ka rufe, ka ɗauko na gaba. Mutum biyar ba matsala. Amma in sun kai tamanin, man janaretanka ne ke tafiya. Abin da zan nuna muku yau shi ya raba ni da wannan wahala.

Sunansa ImageMagick. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Wani Ba'amurke mai suna John Cristy ya fara rubuta shi a 1987 lokacin yana aiki a kamfanin DuPont, aka sake shi ga jama'a a 1990, kuma yana iya karanta nau'in hoto sama da 200. Ba shi da maɓallan da za ka riƙa dannawa. Umarni kake rubuta masa a baƙin allon nan da mutane da yawa ke gudu.

Mai Windows ya je shafin imagemagick.org ya sauke ya saka. Mai Ubuntu ya rubuta sudo apt install imagemagick. Wanda ba shi da kwamfuta ma, in yana da Termux, manhajar rubuta umarni, a wayarsa ta Android, pkg install imagemagick zai kawo masa shi. Sai dai ku lura, iri biyu ke yawo. Na 7 da magick ake fara umarninsa. Na 6, wanda har yanzu shi Ubuntu da yawa ke bayarwa, da convert ake farawa. Ni na 7 nake da shi. Masu Windows kuma kada ku rubuta convert kawai, domin Windows tana da nata convert ɗin na daban, wanda aikinsa sauya tsarin faifan ajiya ne, babu ruwansa da hoto.

To, ga foldar da hoton yake. Na danna saman nan inda adireshin folda yake, na rubuta cmd, na danna Enter. Baƙin allo ya buɗe a cikin foldar kai tsaye. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna, mu ma awo za mu fara yi:

magick identify hoto.jpg

Kun gani? Ya ce JPEG ne, 4000x3000. Lambar farko faɗi, ta biyu tsawo, kullum haka suke jere. Wato faɗinsa fiksel 4000, tsawonsa 3000; fiksel su ne ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto.

Amma tsaya. Wannan hoton a tsaye aka ɗauke shi, ga shi nan a waya mutumin yana tsaye ƙyam. Yaya aka yi faɗi ya fi tsawo? A nan nake so mu ɗan daɗe, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Wayoyi da yawa, in ka ɗauki hoto a tsaye, ba sa juya hoton da gaske. A kwance suke ajiye shi, sai su maƙala masa 'yar takarda a ciki, a cikin bayanan da ake kira EXIF, mai cewa duk wanda zai nuna wannan hoto ya juya shi tukuna. Wayarka tana karanta takardar, shi ya sa kake ganinsa daidai. Wani shafin rajistar ba ya karantawa. Sai yarinya ta ɗora hotonta, ta fitar da takarda, ta ga kanta a kwance, ta dawo tana cewa Malam ka ɓata mini hoto. Bari mu tambaye shi:

magick identify -format "%[orientation]" hoto.jpg

Ya amsa da RightTop. Ma'anarsa hoton yana jiran a juya shi digiri 90 zuwa dama. Da ya ce TopLeft, to daidai yake zaune. Maganin kalma ɗaya ce:

magick hoto.jpg -auto-orient tsaye.jpg

Dubi yadda umarnin yake tafiya, don duk sauran haka suke. Sunan hoton da za a ɗauka a farko, aikin da za a yi masa a tsakiya, sunan sabon hoto a ƙarshe. Na asalin ba a taɓa shi ba, yana nan. In na auna tsaye.jpg yanzu, ga shi, 3000x4000. Ya tsaya da ƙafafunsa.

Yanzu yanka. Ku ɗauka hoton fili ne za ku yanki fuloti a ciki. Abu huɗu za ku faɗa: faɗin fulotin, tsawonsa, sannan daga ina zai fara. Turken awo yana kusurwar sama ta hagu, nan ne sifili da sifili. Daga nan ake ƙirga zuwa dama, sannan zuwa ƙasa.

magick tsaye.jpg -crop 1800x1800+600+400 +repage fasfo.jpg

Na ce masa ya matsa 600 daga hagu, ya sauko 400 daga sama, daga nan ya yanko 1800 a faɗi, 1800 a tsawo. Bari mu buɗe. Madalla, fuska ta shiga, amma hular ta ɗan guntule a sama. Sai in rage 400 ɗin ya koma 250, yankan ya hau sama kaɗan. To, yanzu hula ta fito har da zanen kanta, kafaɗu ma sun shiga. Sau biyu ko uku za ka gwada a farko, daga baya ido zai saba.

Wannan +600+400 ɗin kada ku manta da shi. Bari ma in cire shi da gangan ku gani. Na danna. Duba folda: fasfo-0, fasfo-1, har zuwa fasfo-5. Tunda ban faɗa masa inda zai fara ba, sai ya daddatsa hoton gaba ɗaya gida shida, kamar mai yanka alewa. Ko daga kusurwa kake so ya fara, sai ka rubuta +0+0.

Shi kuma +repage, bayan yanka hoton yana riƙe da tunanin girmansa na da da gurbin da aka ciro shi. A JPG ba za ka ga illar ba, amma a PNG da GIF sai ka ga hoto ya karkace gefe ɗaya ko ya bar fili a wata manhajar. Ni dai na mayar da shi ɗabi'a, duk inda na rubuta -crop sai +repage ya biyo baya.

In ba ka son lissafi, akwai hanya mai sauƙi. Ka ce masa ya ɗauke turken daga kusurwa ya kai tsakiyar gefen sama:

magick tsaye.jpg -gravity north -crop 1800x1800+0+250 +repage fasfo.jpg

North arewa ke nan, kuma a wurinsa arewa ita ce sama. Center tsakiya, south ƙasa. Wannan shi na fi amfani da shi a shago, domin in ka tsayar da kowa a jikin farin bango ɗaya, a nisa ɗaya, lamba ɗaya za ta yi wa kowa.

Juyawa ba ta da wuya. -rotate 90 zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya. -rotate -90 zuwa hagu. 180 kuma kai ya koma ƙasa. Inda ya fi amfani shi ne takardar da aka ɗora a sikana a karkace, kamar takardar haihuwa ko ta shaidar ƙaramar hukuma. Za ka iya cewa -rotate -2 ka gyara da ido, ko ka bar shi ya nemo karkatar da kansa:

magick takarda.jpg -background white -deskew 40% +repage madaidaiciya.jpg

Layukan rubutun yake bi ya daidaita. A takarda mai rubutu yana aiki sosai, a hoton mutum kuwa ba nasa ba ne.

Sauya nau'i shi ya fi komai sauƙi. Wutsiyar sunan kawai za ka canza:

magick hoto.webp hoto.jpg

Shi ke nan. Da yawa suna zuwa su goge webp su rubuta jpg a sunan fayil da hannu, su ɗauka sun sauya. Sunan ne kawai ya canza, cikin yana nan yadda yake, shi ya sa shafin ke ƙin karɓa. Masu iPhone kuma, tun 2017 wayarsu a HEIC take ajiye hoto, shi ma haka za ka yi masa, muddin ImageMagick ɗinka yana ɗauke da abin karanta HEIC. In kana kan Linux ka lura, sunan da manyan baƙaƙe yake zuwa, kuma Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami.

PNG ne ke da ɗan tarko. Tambarin makaranta ko na ƙungiya sau da yawa bayansa wayam yake, ba launi. JPG bai san wayam ba, sai ka ga bayan ya fito baƙi ƙirin. Sai ka shimfiɗa masa fari tukuna:

magick tambari.png -background white -flatten tambari.jpg

Saura nauyi. A ce shafin ya ce kada hoto ya wuce 50kb. Ga duk aikin a layi ɗaya, tun daga hoton waya:

magick hoto.jpg -auto-orient -gravity north -crop 1800x1800+0+250 +repage -resize 600x600 -strip -define jpeg:extent=50kb fasfo.jpg

Daga hagu zuwa dama yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsayar, ya yanke, ya rage girma, ya share bayanan EXIF, sannan ya matse har ya shiga ƙarƙashin 50kb. Jerin yana da muhimmanci. In ka sa -strip ba tare da -auto-orient ba, ka yaga takardar nan ba a yi aiki da ita ba, hoton zai zauna a kwance. Kuma -strip ina so ku riƙe shi ko ba don nauyi ba. In GPS, wato abin gano inda kake, a kunne yake a waya, hoton yana iya ɗauke da ainihin inda aka ɗauke shi. 'Yar uwarmu ta ɗauki hoto a tsakar gidansu, ba daidai ba ne adireshin gidan ya bi hoton zuwa hannun wanda ba ta sani ba.

Wani abu game da JPG: duk lokacin da aka buɗe shi aka sake adanawa, yana ɗan rasa kyau, kamar fotokwafin fotokwafi. Shi ya sa na fi son a haɗa aikin a layi ɗaya daga na asali, maimakon a yi ta bi mataki biyar ana adanawa. Ku kuma ce wa kwastoma ya turo hoto ta WhatsApp a matsayin dokumen, don in ya turo shi a matsayin hoto, an riga an matse shi kafin ya iso gare ku.

To, yanzu abin da ya sa na ce man janareta. Hotuna tamanin a folda ɗaya, umarni ɗaya. Sunansa mogrify. Amma kafin in rubuta shi, ku saurare ni da kyau.

Mogrify ba ya yin sabon hoto. A kan na asalin yake rubutawa, kuma ba ya tambaya, ba ya kai tsohon kwandon shara. Shekarun baya wani dattijo daga cikin Birni ya kawo mini filashi, hotunan walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa, sama da ɗari. Ya ce in rage musu nauyi ya tura wa 'yan uwa. Na shiga cikin filashin kai tsaye na sa mogrify, cikin ɗan lokaci aka gama, ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo yana so a wanke guda uku manya a sa a firem. Na buɗe, duk sun koma ƙanana. Muka kira mai hoton, ya ce ya riga ya goge katinsa ya tafi wani biki. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi hoton yarinyar riƙe da allonta a kan kwamfuta, ya ce, «Ba komai ɗana, haka Allah Ya so.» Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, don hoton da ya rage ba ya wankuwa ya wuce girman tafin hannu.

Saboda haka ga yadda za ku yi, kuma kada ku tsallake. Ku kwafe hotunan daga filashi zuwa kwamfuta, ku zare filashin ku miƙa wa mai shi. Sannan ku buɗe sabuwar folda:

mkdir gyararru

Sai umarnin:

magick mogrify -path gyararru -auto-orient -gravity north -crop 1800x1800+0+250 +repage -resize 600x600 -strip *.jpg

Wannan -path gyararru shi ne katangar. Yana cewa duk abin da ka gyara ka zuba a can, ka bar na nan. Dole foldar ta kasance tana nan kafin ka danna, ba zai ƙirƙira maka ita ba. Tauraron nan kuma, *.jpg, yana nufin duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da jpg. In PNG ne kake so su koma JPG gaba ɗaya, sai ka ƙara -format jpg, ka sa *.png a ƙarshe.

Bismillah, na danna. Ba zai nuna komai ba, shiru za ku ga ya yi. In ya dawo da layi ba tare da ƙorafi ba, ya gama. Ga shi nan. Mu shiga gyararru. Duka sun fito, 600x600. Mu koma baya mu duba na asali, 4000x3000, ba abin da ya taɓa su.

Ku bi su da ido ɗaya bayan ɗaya kafin ku ɗora. Kun ga wannan na goma sha biyu, dogo ne, yankan ya ci goshinsa. Shi kaɗai zan koma in yi wa nasa da hannu, in mayar da 250 ɗin ya zama 50.

A darasi na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu jera fasfo takwas a takarda ɗaya don wankewa, da umarnin montage. Ga wata baiwar Allah nan tana jira da takardunta tun ɗazu. Hajiya, bismillah, matso da filashin. Wassalamu alaikum.