Darasi: Waifai Na Ja? Fara Gano Inda Ciwon Yake

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga nan shagona a Birnin Kebbi nake magana. Kai yaro, ɗan ja baya da kyamarar, teburin nake so su gani. Yauwa.

Kusan kullum sai wani ya shigo da rauta ko MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batir, a leda, ya ce mini, "Oga, abin nan ya mutu, bidiyo sai juyi yake." In na jona shi a nan sai ya yi aiki lafiya lau, mai shi ya tsaya yana kallona kamar na yi tsafi.

Ku riƙe wannan: hanya biyu intanet ke bi kafin ya iso wayarka. Ta farko daga ƙarfen sabis zuwa sim ɗin da ke cikin rautar. Ta biyu daga rautar zuwa wayarka, ita ce waifai. Don ka ga alamar waifai ta cika a waya, ba shi ke nuna akwai intanet ba. Tiyo ne lafiyayye, amma ƙila famfon ba ruwa.

To ya za ka bambance? Tsaya dab da rautar, buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, rubuta lambar da ta fito. Sai ka koma ɗakin da kake kuka da shi, ka sake gwadawa. In kusa ka samu 20, a ɗaki ka samu 2, ciwon na cikin gidanka ne, ka daina zagin kamfanin layi. In ko'ina 2 ne, galibi daga waje ne.

Mu fara da na waje. Sa sim ɗin a waya ka danna *323#, ka duba datar. Kada ku yi dariya, na sha ganin wanda ya hau kabu-kabu tun daga Badariya, ashe data ce ta ƙare. Wasu tsare-tsaren kuma da ake cewa ba su da iyaka, in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu. In kuwa da asuba yana gudu, bayan isha'i ya zama kunkuru, cunkoso ne: unguwa duka ta hau ƙarfe ɗaya. Wannan ba ni da maganinsa, sai dai ka ari sim na wani layin ka gwada, ka ga wanda ya fi ƙarfi a unguwarku.

Sauran na waje shi ne wurin ajiye rautar, kuma nan nake so mu daɗe. Juya rautar, a gindinta akwai takarda da adireshi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, MiFi da yawa kuma 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza ka shiga. A yawancinsu za ka ga wata lamba, RSRP, mai nuna ƙarfin sabis, da alamar ragi a gabanta. Ragi 80 sabis ne mai kyau, ragi 100 ya fara rauni, ragi 110 kuwa wahala ce. Ɗauki rautar ka zaga da ita taga-taga kana kallon lambar nan.

Akwai wani mai POS a Bayan Kara, shagonsa kwantena ne, ƙarfe ta ko'ina. Saboda tsoron masu ɗan hali, ya cusa MiFi ɗin cikin durowar ƙarfe, ya ɗora jakar kuɗi a kai. Kwastoma na tsaye a rana, kuɗi sun ƙi fita, shi kuma yana ta rantsuwa layin ne. Na je na ciro shi, na ɗaure shi da roba a saman taga. Lambar ta tashi daga ragi 112 zuwa ragi 91. Ko sisi ban karɓa ba, zoɓo kawai ya saya mini.

Yanzu cikin gida. Ƙarfe da ruwa su ne manyan masu tare waifai: ƙofar ƙarfe, firji, tankin ruwa, sai bango mai kauri, na bulo ne ko na ƙasa. Ɗaga rautar sama, kusa da tsakiyar gida in akwai sabis mai kyau a wurin, kada ka ɓoye ta bayan talabijin.

Matso da kyamarar nan. Kun ga suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe? Wannan ba 5G ɗin kamfanonin waya ba ne, gigahaz 5 ake nufi. Ya fi gudu, amma bango biyu ya gaji. Ɗayan, 2.4, shi ne jakin gida: ba sauri, amma yana kai kaya har zaure. In kana ɗaki ɗaya da rautar hau 5, in ka yi nisa koma 2.4. Masu zama a gidan haya, inda kowa ke da tasa rautar, ku nemi inda aka rubuta Channel a ɓangaren 2.4, ku zaɓi 1 ko 6 ko 11. Su ukun ne ba sa hawa kan juna.

Daga nan duba jerin wayoyin da ke jone. Wani Alhaji a Gesse ya ce mutum huɗu ne ke amfani da tasa. Muka buɗe muka ƙirga waya goma sha bakwai. Ɗan autansa ne ya raba wa abokai fasuwod. Canza shi, ka bar tsaron a kan WPA2 ko WPA3, ka shirya jin sallamar maƙwabta.

Sai zafi. Kun san Afrilun Kebbi, ya kan haura digiri 40. MiFi ɗin da ke kwana a caji, a kan katifa, zai yi ta yankewa. In ka ga murfin baya ya ɗago, batirin ya kumbura, cire shi yau ɗin nan, kada ka jira gobe. Tagar da na ce ma, a zaɓi wadda rana ba ta duka.

An kira la'asar. Wanda ya gwada bai dace ba, ya zo mini da lambobin nan biyu, ta kusa da ta ɗaki, ya bar rautar a gida. Yaro, kashe.