Ruwan Kuza da Kulorin: Me Ya Sa Ba Shi da Launi?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi kwalbar nan da ke hannuna. Garau take kamar ruwan sha, alhali gishirin kuza ne, SnCl2, aka narkar cikin asid na HCl. Ɗalibai kan tambaye ni: Malam, gishirin jan ƙarfe shuɗi yake bayarwa, to ina launin kuza?

Amsar tana cikin ilektaron, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra. Kuza lamba ta 50 ce a jadawalin sinadarai, kuma gidan ilektaron ɗinta da muke kira 4d ya cika maƙil da ilektaron 10. Launin jan ƙarfe daga tsalle yake zuwa: akwai gurbi a gidan d, ilektaron ya sha wani ɓangare na haske ya haye. A kuza babu gurbin. Ko ta kama kulorin uku ta zama SnCl3, ko shida ta zama SnCl6, hasken da take sha yana can gaba da shunayya, inda idonmu ba ya kaiwa. Tana shan haske fa, mu ne ba ma gani.

Amma ku cire kulorin ku sa aidin, sai SnI4 ya fito ruwan lemo, domin aidin ba ya riƙe ilektaron da ƙarfi, haske kaɗan ya isa ya tura shi wajen kuza.

Yanzu abin da nake so ku riƙe. In kuka ga launi a ruwan kwalbar nan, ku nemi baƙon da ya shigo. Ya yi fari kamar madara? Asid ya yi kaɗan, ruwa ya karya gishirin. Ya yi rawaya? Ku fara zargin wani abu daban ya shiga kwalbar. Raina yana ɓaci in na ga ɗalibi ya rubuta "kuza rawaya ce" bai bincika kwalbarsa ba.

Wani baƙon kuma mu muke gayyato shi. Ɗiga wannan ruwa a ruwan gishirin zinariya, sai shunayya ta bayyana, wadda ake kira da sunan wani masani, Cassius, tun wani littafi da aka buga a 1685. Ƙananan ƙwayoyin zinariya ne ke ba da launin, kuza ilektaron kawai ta miƙa. Filatinam kuwa, wani ƙarfe mai daraja, kama SnCl3 yake yi ya riƙe, ruwan ya koma rawaya har zuwa ja. Ku matso kusa, zan ɗiga a ta zinariyar ku gani.