Yadda Kwamfutocin Asibitoci Ke Fahimtar Juna

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi lambar nan da ke kan allo: 5.5. Sakamakon gwajin sukarin jini ne, ɗakin gwaje-gwaje ya turo wa likita ta kwamfuta. Mai jinin nan lafiyarsa ƙalau, ko yana cikin haɗari? Babu likitan da zai iya ba ku amsa sai ya san ma'aunin da aka yi amfani da shi. A Ingila da ƙasashe da dama ana auna sukarin jini da mmol/L, kuma a wannan ma'aunin 5.5 daidai yake. A Amurka da mg/dL ake aunawa, wannan jinin dai kusan 100 zai nuna, domin ninkawa ake yi da 18. To idan kwamfutar da ta karɓi saƙon ta ɗauki 5.5 a ma'aunin Amurka, za ta nuna cewa sukarin mutumin ya faɗi ƙasa warwas. Saƙo ya isa, ko harafi ɗaya bai ɓace a hanya ba, amma ma'anarsa ta juye.

Saboda irin wannan ne aka kafa ƙa'idojin musayar bayanan lafiya. A cikin asibiti ɗaya ma, manhajar wurin yankar kati daban take, ta ɗakin gwaji daban, ta ɗakin magani daban, ta ɗaukar hoto daban, kuma sau da yawa kamfanoni daban-daban ne suka ƙera su. Idan manhajoji goma ne, aka ce kowace a haɗa ta da 'yar'uwarta kai tsaye, haɗi 45 za a gina, kuma duk ranar da aka sabunta ɗaya sai a bi sauran ana gyara. Idan kuwa an yarda da tsari guda, kowace manhaja shi kaɗai za ta koya.

A shekarar 1987 aka kafa ƙungiyar HL7 a Amurka domin wannan aiki. Tsarinta na biyu, wanda ma'aikata ke kira HL7 v2, har yau shi ke ɗauke da kaso mai yawa na saƙonnin da ke yawo a cikin asibitoci. Gani ya kori ji, ga layi ɗaya daga irin saƙon:

OBX|1|NM|2345-7^Glucose^LN||100|mg/dL

OBX na nufin wannan layin sakamakon gwaji ne. Sandunan nan da ke tsaye su ke raba gida-gida. NM na cewa abin da ke tafe adadi ne. Ga 100, ga ma'auninsa a gidan da ke biye. Akwai wani layin mai suna PID da ke ɗauke da sunan majiyyaci da ranar haihuwarsa. Tsarin ba shi da nauyi, shi ya sa ya karɓu. Amma ya bar gidaje da yawa a matsayin ganin dama, har ya ba kowa izinin ƙirƙiro layukansa masu farawa da harafin Z. Sai ka tarar asibitoci biyu kowanne na cewa HL7 v2 yake bi, amma sai injiniyoyi sun zauna sun daidaita kafin saƙon wannan ya shiga kwamfutar wancan.

An yi ƙoƙarin toshe wannan ɓarakar da tsari na uku, wanda ya fito a 2005. Ya zo da tsauri da sarƙaƙiya, masu rubuta manhaja suka sha wuya da shi, bai samu karɓuwar da aka yi fata ba. Abin da ya fi ɗorewa daga cikinsa shi ne CDA, tsarin rubuta takardu irin su takardar sallama daga asibiti.

A 2011 wani masani ɗan Ostareliya, Grahame Grieve, ya kawo shawarar a sake lale. Daga nan aka samu sabon tsarin HL7 mai suna FHIR, ana furta shi "faya". Fitowar gwaji ta farko ta zo a 2014, fitowa ta huɗu da aka fi amfani da ita yanzu ta bazu daga 2019, ta biyar kuma a 2023. Dabarar ita ce a daddatsa bayanin lafiya ƙanana-ƙanana: majiyyaci guntu ɗaya, sakamakon gwaji guntu ɗaya, maganin da aka rubuta guntu ɗaya, abin da jikin mutum ba ya so shi ma guntu ɗaya. Kowane guntu yana da adireshinsa kamar yadda shafin intanet ke da shi. Manhaja za ta iya cewa: ba ni gwajin sukarin wannan majiyyacin na wata shida da suka wuce, a ba ta shi kaɗai, ba sai an juye mata fayil ɗin mutum gaba ɗaya ba. Kuma da yake da fasahar da aka saba gina manhajojin waya ake aikin, matashin da bai taɓa aiki a asibiti ba yana iya kama shi cikin 'yan kwanaki. A ganina wannan ne babban abin da FHIR ya kawo: ya buɗe ƙofar da a da 'yan ƙalilan ne ke riƙe da makullinta.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. HL7 v2 da FHIR duka tamkar fom ne mai gidajen cikewa. Sun faɗi inda za a rubuta abu, amma abin da aka rubuta a ciki fa? Wani ɗakin gwaji ya rubuta "sukari", wani "GLU", wani lambar da shi kaɗai ya san ta. Ku koma kan layin nan na allo, ku dubi 2345-7. Lambar LOINC ce, kundin da Cibiyar Regenstrief da ke Indiyanapolis ta fara a 1994, wanda ya ba kowane irin gwaji lambarsa. Wannan lambar tana nufin sukarin da aka auna da nauyi a cikin ruwan jini, kamar da mg/dL. Wanda aka auna da mmol/L lambarsa daban ce, 14749-6. Kun ga ke nan kwamfuta tana da hanyar gane wane 5.5 ake nufi tun kafin ta nuna wa likita.

Cututtuka ma haka. Kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ba kowace cuta lambarta, ya fi dacewa da ƙidaya: mutum nawa suka kamu da kaza, nawa suka rasu da kaza. A bugu na goma, B50 zazzaɓin cizon sauro ne nau'in falsifarum, E11 kuma ciwon sukari nau'i na biyu. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Likitan da ke gaban majiyyaci kuwa yana buƙatar bayani filla-filla fiye da haka, shi ya sa ake da wani kundin kalmomin likitanci mai suna SNOMED CT, mai ɗauke da ma'anoni sama da 300,000. Hotunan asibiti, irin su na CT da MRI, suna da nasu tsarin, DICOM, tun 1993, kuma yana cikin waɗanda suka fi zama daram.

Yanzu a ce fom ya yi daidai, lambobi sun yi daidai. Saura tambaya mai nauyi: na wane ne wannan sakamakon? Mutum biyu na iya yin suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Mutum ɗaya kuma na iya samun kati uku a asibiti ɗaya saboda an rubuta sunansa ta hanya uku. Idan aka haɗe fayil ɗin mutum biyu, ana iya ba wani maganin da jikinsa ba ya so. Amurka, duk da yawan kwamfutocinta, ba ta da lambar majiyyaci ta ƙasa baki ɗaya, domin tun ƙarshen shekarun 1990 majalisarta ta hana kashe kuɗin gwamnati wajen samar da ita, saboda fargabar tona sirrin jama'a. Wannan fargabar ba ta banza ba ce. Bayanin cutar mutum amana ne, dole tsarin ya tantance mai tambaya, ya duba ko an ba shi izini, ya kuma ajiye tarihin duk wanda ya buɗe fayil.

Akwai kuma masu iya bayarwa amma su ƙi. Asibiti na gudun kada majiyyaci ya koma wani wuri, kamfanin manhaja na son a biya shi kafin ya buɗe hanya. Wannan ya fi ba ni takaici, domin mara lafiya ne ke biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi masa, a sake huda shi a ɗebi jini. A 2016 Amurka ta yi dokar da ta haramta toshe bayanan lafiya da gangan, dokokin aiwatarwa na 2020 kuma suka wajabta wa manhajojin da gwamnati ta tantance su buɗe hanyar FHIR. Tarayyar Turai ta kafa nata tsarin na bai-ɗaya, dokarsa ta fara aiki a Maris ɗin 2025. Akwai kuma taƙaitaccen bayanin majiyyaci na ƙasa da ƙasa, wanda ya tattara cututtukan mutum, magungunansa da abubuwan da jikinsa ba ya so, domin likitan da bai taɓa ganinsa ba ya samu abin kamawa.

Duk asibitin da zai shiga wannan tsari, aikin da ya fi cin lokaci ba sayen manhaja ba ne. Sai ma'aikacin ɗakin gwaji da masanin bayanai sun zauna da jerin gwaje-gwajen asibitin, ɗaruruwa ko dubbai, suna bi ɗaya bayan ɗaya: wannan a jini ake yi ko a fitsari, da wane ma'auni, wace lambar LOINC ce ta dace da shi. Kuma duk ranar da aka kawo sabuwar na'urar gwaji, sai an sake buɗe jerin an duba.

Mun gode da kallo, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.