Jawabi Kan Rubuta Sanadin Rasuwa a Littafin Asusun Ƙungiya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa 'yan Nijar mazauna Kaduna, daga Rigasa har Kawo, barkanmu da wannan zama.

Maganata a kan asusun da muke tallafa wa iyalan mamatanmu ce. Littafin ma'aji yana ɗauke da sunan mamaci da kuɗin da aka kai gidansa, amma babu shekarunsa, babu sanadin rasuwarsa, alhali da wannan littafin muke yanke abin da kowa zai riƙa zubawa duk wata. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Abin da nake roƙo shi ne lissafin tanadi irin na masu inshora da takaful (inshorar Musulunci), wanda ya daɗe, domin tun 1693 Edmond Halley, wani masani ɗan Ingila, ya tsara jadawalin tsawon rai daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau a Turai.

Jimillar mamata kaɗai tana yaudarar mai hasashe, saboda kowane sanadi da irin tafiyarsa. Ku dubi sanƙarau: a 1996 ya kashe dubban mutane a Arewacin Nijeriya, amma bayan an fara allurar rigakafinsa mai suna MenAfriVac a Nijar a 2010, sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa, sai ga nau'in C ya ɓarke a Yamai a 2015, ya kuma addabi Zamfara a 2017. Annoba takan zo kamar ambaliya ta wuce. Hawan jini da ciwon suga kuwa a hankali suke ƙaruwa yayin da mambobinmu suke manyanta, kuma wannan ya fi damuna, domin kafin a kai ga likkafani kuɗin magani ya riga ya karya gida. Haɗarin mota a hanyar Zariya zuwa Kano shi ma yakan ɗauke magidanci mai ƙananan yara, ya bar mana ɗawainiyar marayu ta shekaru masu yawa.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take rajistar mutuwa a Nijeriya, sai dai galibinmu a ranar muke jana'iza, babu takardar likita. Saboda haka ina ba da shawarar a naɗa dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya, bayan sadakar bakwai su tambayi iyali cikin ladabi: shekarun mamaci nawa, tsawon jinyarsa, ko ya yi tari, kumburin ƙafa ko shanyewar ɓarin jiki. Ma'aji ya adana bayanin a asirce, a kuma duba shi a ƙarshen kowace shekara kafin a sauya kuɗin da muke zubawa duk wata.

Wassalamu alaikum.