Baba ya tambaye ni injiniyan me nake, na tsaya ina lissafi

Assalamu alaikum mutanen Ader, na Tawa, na Ƙwanni, na Madawa, na Buza, da ƴan uwa na Yamai, ina gaishe ku. Wannan tururin da ke fita bakina sanyi ne, tun asuba bai sassauta ba. Ruwan da kuke gani bayana kogin Uwaz ne, nan garin Kompiyen, arewa da Faris, tafiyar da ba ta cika awa guda ba a jirgin ƙasa.

Abin da ya fito da ni da kamara yau, kiran Baba ne na daren jiya. Bayan gaisuwa ya ce, "Kai yaro, shekara ukku ke nan, har yanzu ba ka gaya min ba, injiniyan mi kake? Na gini ko na wuta? Dattawa suna tambaya ta bakin masallaci." Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Na kwana da murna a raina, don rashin gajeriyar amsar nan shi ne abin da ya fi burge ni a lakwal ɗin nan, wato jami'ar fasaha ta Kompiyen inda nake karatun injiniya.

Mu da muka yi lise a Tawa mun san yadda abin yake. Tun aji na biyu an raba ku, wannan A, wannan C, wannan D. Ka ci bak, a rubuta ka a sashe guda, a manna jadawali a bango, kowa ya bi. Da wannan tunanin na sauka nan a 2022. Makon farko aka zaunar da ni gaban kwamfuta, ga jerin darussa ɗaruruwa, kowane da lambarsa, suna ce musu UV. Malamar da aka ba ni a matsayin mai shawara ta dube ni ta ce, "Me kake so ka iya yi da hannunka idan ka gama?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara goma sha uku ina zaune a benci, ba mushen da ya taɓa yi mini wannan tambaya.

Jami'ar sunanta UTC, an kafa ta a 1972, kuma tun farko a kan wannan tsari aka gina ta. Karatun shekara biyar ne bayan bak. Biyu na farko na gama-gari ne, lissafi, kimiyya, zanen injuna, kwamfuta, ba wanda ya ɗaure ka da sashe. Sai a shekara ta uku ka zaɓi reshe cikin biyar: makanikanci, kwamfuta, ilimin halittu, tsara birane, ko sarrafa kaya a masana'anta. Kowane zango kai za ka haɗa darussanka, shida ko bakwai, kowane da kiredinsa, wato makin da ake ba ka in ka ci darasin, sai ka tara 300 a ba ka diflom. Sun raba su kashi uku: ilimin kimiyya zalla, dabarun aiki, da ilimin ɗan Adam, wato harsuna, tattalin arziki, falsafa da makamantansu. Dole ka cika adadi a kowane kashi. Turancin Ingilishi ma sai ka kai matakin B2, in ba haka ba takardar injiniya ba ta fitowa, ko da kai ne na ɗaya a lissafi.

Ga bas can tana wucewa, ku dube ta. Kyauta ce. Tun 1975 mutanen garin nan ke shiga bas ɗin cikin gari ranakun aiki ba su biyan ko dala. Ranar farko na miƙa wa direba kuɗi ya girgiza kai. Na tuna yadda nake ciniki da ɗan kabu-kabu daga tasha zuwa gida kan dala ashirin. Amma kar ku ruɗu, abin da bas ta bar maka ɗaki zai karɓe. Nawa yuro 350 ne a wata, kusan jika ɗari biyu da talatin, kuma tabarma biyu ta cika shi. Abincin ɗalibai da na zo yuro uku da santim talatin ne, jika biyu da ƴan kai, ba yaji ba daddawa. Ranar da kilishin da Inna ta aiko ya ƙare sai da na yi shiru na ɗan lokaci. In ba don Kawu da ke Abijan ba, da aikin wanke kwanoni da nake yi da yamma, da ban kai yau ba.

To, in koma kan tambayar Baba. Ni jikan manoman albasa ne, dangin Inna duk suna wajen Galmi. Albasarmu ja ta kai Abijan, ta kai Akara, ta kai Kwatano, kowa ya san ta. Amma na girma ina ganin abu guda kowace shekara: lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas, manomi ya sayar don bashi na binsa. Wanda ya daure ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, yana jiran tsada, zafi da laimar damina su shiga, ya buɗe ya tarar da wari. Na taɓa ganin kakana yana tsince ruɓaɓɓu yana jefarwa, bai ce uffan ba har ya gama. Da malamar nan ta yi mini tambayarta, wannan hoton ne ya faɗo mini.

Sai na riƙa zaɓen darussa ina zagaye rudun kakana. Na ɗauki na yadda zafi ke ratsa bango da rufi. Na ɗauki na tafiyar iska da ruwa cikin bututu. Na ɗauki na wutar lantarki, don fanka sai da wuta, kuma rana ba mu rasa ta ba, ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018 tana shaida. Na leƙa wajen masu ilimin halittu na koyi abin da ke ruɓar da abinci, ashe albasa ko an cire ta numfashi take yi, tana fitar da zafi da danshi. Na ƙara da tattalin arziki, saboda ɗakin ajiyar da manomi ba zai iya biya ba, zane ne kawai a takarda. Da lokacin reshe ya zo na shiga na sarrafa kaya. A ajinmu, in ana maganar busarwa da adanawa, ni malam yake waiwaya, don ni kaɗai na taɓa sa hannu cikin buhu na ji ɗumin ruɓa. Wannan kam ina alfahari da shi.

Amma ƙanena da ke shirin bak, ku saurare ni da kyau. Ƴancin nan yana da ƙaya. Zango na biyu na ɗibi darussa bakwai masu nauyi, ga aikin dare. Jarabawar tsakiyar zango ta gargaɗe ni ban ji ba, ta ƙarshe ta zo na faɗi biyu. Harafin F suke rubutawa, ba kiredi ko ɗaya, kuma akwai kwamitin malamai da ke duba sakamakon kowa duk ƙarshen zango. Kwana uku ban kira gida ba. Wani abokina ya yi akasin haka, ya bi masu sauƙi, da ya zo son wani babban darasi sai ya tarar bai da tushen da zai fahimce shi. Nan ba mai bin ka da bulala, ba mai kiran suna ya aika gidanku. Aiki kuma doka ta ba ɗalibi baƙo awa 964 a shekara, kar ka ce sai ka cinye su. Sannan hanyar da na biyo ta canja: tun Agustan 2023 aka daina ba da bizar Faransa a Yamai, ofishin jakadancin ma an rufe shi a farkon 2024. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai fitar maka da biza ta bayan gida, ka riƙe kuɗinka. Kuma kar wani ya raina na gida. Na san waɗanda suka fito makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai da cibiyar koyon fasaha ta IUT ta Maraɗi, hannunsu a kan injin ya fi na da yawa a nan.

Dajin can da ke bayan gidajen nan, cikinsa aka sa hannu kan tsagaita yaƙin duniya na farko, 11 ga Nuwamban 1918, cikin taragon jirgi. Na je sau ɗaya, itatuwa har ba ka ganin sama, sai na ji ina kewar filin Ader inda ido ke tafiya har ya gaji.

Akwai sitaj biyu, wato koyon aiki a ma'aikata, na wata shida-shida a gabana, ana biyan ɗan abu, kuma na ƙarshen nake roƙon Allah in yi shi a kan ajiyar albasa. Don haka ina da roƙo. Duk wanda ke Galmi ko Madawa ko Tabalak yana da rudu, ya auna mini faɗinsa da tsayinsa, ya gaya mini buhu nawa yake zubawa, nawa yake fitarwa da lafiya, kuma a wane wata. Ku turo ko da muryar WhatsApp ce, da Hausa, zan saurara duka.

Baba kuwa na ce masa, "Baba, ka ce musu injiniyan albasa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah shi yi albarka, kakanka zai ji daɗi." Ga bas ɗina ta iso, ina da aikin ɗakin gwaji ƙarfe goma. Sai na ji daga gare ku.