Amsoshin Tambayoyinku: ƙaramar manhaja zata iya sandarar da kwamfuta gaba ɗaya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wani mai sauraronmu ne ya rubuto yace shi dai a saninsa in manhaja ta samu matsala ita kaɗai ake rufewa, to ya akayi yaji ance akwai ƴar ƙaramar manhaja da ko wane mai amfani da kwamfuta zai iya kunnawa ta sandarar da na'urar dungurungum?

Toh Malam abin da ka sani daidai ne, haka ya kamata ya kasance. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar dake aiwatar da umarni, in aka bata umarnin da bashi da ma'ana sai ta kai ƙara wajen babbar manhaja kamar Windows ko Linux, ita kuma ta rufe mai laifin kawai sauran aiki yaci gaba. Matsalar tana zuwa ne in kuskuren a cikin ginin furosesar kanta yake.

A 1997 aka gano irin wannan kuskure a furosesar Pentium ta kamfanin Intel, ana ce masa F00F saboda da F0 0F umarnin dake jawo shi yake farawa, umarnin kuma bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai) huɗu ne kacal, F0 0F C7 C8. Abin da yake faruwa shine umarnin yana kulle hanyar zuwa ma'ajiyar bayanai, furosesa ta gane cewa umarnin ba daidai bane, ta tashi kai ƙara kuma ta wannan hanyar da aka kulle zata bi, shikenan sai ta maƙale, linzami baya motsi, madannai basa amsawa, dole sai an kashe an sake kunnawa. Waɗanda suka fi shan wahala sune masu saba, wato babbar kwamfutar da mutane da yawa ke aiki a kai, mutum ɗaya ya tsayar da aikin kowa. Masu Linux da sauransu ne suka yi dabarar kauce masa ta manhaja, tunda ba'a iya gyara furosesar da aka riga aka sayar.

Kuma kar kace tsohon zance ne. A 2023 Tavis Ormandy na Google ya bayyana wani mai suna Reptar a sabbin furosesocin Intel, wanda ko daga cikin kwamfutar haya ta intanet ana iya durƙusar da babbar na'urar da kowa ke kai. Wannan karon Intel ta fitar da gyaran maikurokod, wato ƴar manhajar dake cikin furosesar kanta.

Ya kuma tambaya ko antibairos zai kare shi. Gaskiya kar ka dogara da shi, don Allah ka dinga sabunta babbar manhajarka da BIOS ɗinka, wato manhajar dake tada kwamfuta in an kunna ta, ta nan gyaran yake shigowa.